Ƙaramar fistol mai araha: laifin bindiga ne ko na hannun mai harbi?

Sabon_Hannu: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a harkar harbin allo ce. Bayan takarduna sun kammala lasisi ya fito, sai na sayi ƙaramar fistol mai cin 9mm, irin masu arahar nan masu jikin roba. Kuɗinta bai kai rabin na manyan sunaye ba, iya abin da aljihuna ya ɗauka ke nan. Abu biyu ke damuna a filin atisaye. Na farko, jifa-jifa kwanson harsashin da aka harba ba ya fita gaba ɗaya, sai ya tsaya a tsaye silaid (ƙarfen saman bindigar da ke komawa baya ya dawo) ya danne shi, bindiga ta cije. Na biyu, harbina kusan duk ƙasa yake sauka ta wajen hagu, alhali allon mita 7 ne kawai. Wani abokina ya ce araha ba ta ado, in rabu da ita in tara kuɗi in sayi ta kirki. Gaskiya ne, ko akwai abin da zan gyara?

Sarkin_Baka: Wa alaikumus salam. Da wane hannu kake harbi?

Sabon_Hannu: Da dama, ranka ya daɗe.

Sarkin_Baka: To matsalarka ta biyu ba ta bindiga ba ce, zan iya cewa haka ban ma gan ta ba. Ƙasa ta hagu ga mai hannun dama tsohon labari ne a kowane filin harbi. Jikinka ya riga ya san shuri, wato bugun da bindiga ke yi baya, na zuwa, sai ya tura bakin bindigar ƙasa daf da tashin harsashi ba tare da ka sani ba. Sannan lokacin da kake jan kunama sauran yatsun suna matsewa tare da manuniya, su karkatar da bakin zuwa hagu. Bahago shi ƙasa ta dama yake zubawa. In kana son hujja, ɗora hannuwanka a kan jakar yashi a tebur ka harba a tsanake, ko ka miƙa wa malamin filin ya gwada. In ta tara harsasai a tsakiya, ka san inda maganar take.

Dogo_9x19: Ni dai ina bayan abokinka. Abin da za ka dogara da shi ba a yi masa rowa. Wanda ya rage kuɗi rabi, wani abu ya rage a cikin aikin, ba sadaka yake yi ba. Na taɓa riƙe wata mai araha, ba zan faɗi sunanta ba, kunamarta nauyi da tsawo da gurzuwa kamar an zuba mata yashi. Na sayar, ban waiwaya ba.

Mai_Zaure: Madalla da Dogo bai kama suna ba. Tunatarwa ga kowa: ƙorafi kan kayanka, ka yi shi ba sunan kamfani. Bayanin ƙira da tarihi ba laifi. Ciniki kuma ba a yin sa a nan, kuma duk maganar da muke yi ta masu lasisi ce da ke harbi a wurin da doka ta amince.

Injiniya_Makeri: Malam Dogo, gaskiyarka cewa an rage wani abu, amma ya kamata mu san mene ne aka rage, don ba duk ragi ne ke hana bindiga aiki ba. Galibi arahar daga wurare kamar haka take zuwa: jikin roba da ake zubawa a mazubi maimakon a sassaƙa ƙarfe, ƙananan sassa na ciki da ake yi da garin ƙarfe a gasa, fentin da ba ya jure gumi da gogayya, saiti (abin auna hari a saman bindiga) na roba, magazin (gidan harsasai) ɗaya tak a cikin kwali, da kuma ƙasar da aka ƙera ta in ladan ma'aikata bai da tsada a can. Taurus ta Brazil ce, Bersa ta Ajantina, Canik ta Turkiyya. Jikin roba kuwa ba alamar arha ba ne, Glock 17 da shi ta fito tun farkon shekarun 1980, Glock 19 ta biyo a 1988, sojoji da 'yan sandan ƙasashe da dama suna ɗauke da su har gobe.

Inda ragin ke cizo shi ne wajen duba kaya kafin su bar masana'anta. Babban kamfani in ya fitar da guda ɗari, kusan duk kansu ɗaya. Ƙarami kuwa za ka iya dace da wadda ba ta taɓa cijewa, maƙwabcinka ya sayi 'yar'uwarta ya sha wahala. Shi ya sa labaran masu araha suke saɓa wa juna haka, kuma kowa gaskiya yake faɗa game da tasa.

Dogo_9x19: To ai ka faɗi maganata da bakinka, Injiniya. Caca ke nan.

Injiniya_Makeri: Caca ce in ka saya ka jefa a aljihun tebur. In ka kai ta fili ka ci harsashi ɗari biyu zuwa ɗari biyar, za ta nuna maka halinta. Mai tsadar ma sai an yi mata wannan gwajin.

Tsohon_Kofur: Yaro, bari in taɓa matsalarka ta farko tunda Sarkin Baka ya gama da ta biyu. Kwanso ya tsaya a tsaye yana nufin silaid bai koma baya da cikakken ƙarfi ba, ko ya koma amma ƙugiyar da ke jawo kwanson ta sake shi a hanya. Abubuwan da na fi gani suna jawo haka, daga mai yawa zuwa mai kaɗan:

Sakin wuyan hannu. Fistol tana bukatar jikinta ya tsaya cak silaid shi kaɗai ya yi tafiya. In wuyan hannunka ya yi laushi, jiki da silaid suka tafi baya tare, ƙarfin ya ɓata. Ƙaramar bindiga mara nauyi ta fi saurin nuna wannan.

Harsashi mara ƙarfi a kan sabon sifirin, wato wayar ƙarfe mai murɗe da ke dawo da silaid gaba. Na atisaye mai nauyin giren 115 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne) wani lokaci sanyi gare shi, sabon sifirin kuma tauri. Gwada mai giren 124 ka gani.

Rashin mai. Abin da ke jikinta daga kwali maganin tsatsa ne, ba man aiki ba. Ka wanke ta kafin fitar farko kuwa?

Sai ƙugiyar kanta, in bakinta ya karye ko dauɗa ta taru a ƙarƙashinta. Wannan kaɗai ne za ka ce laifin bindiga, shi ma gyaransa ba wuya.

Sabon_Hannu: Baba Kofur, na goge ta da ƙyalle dai, amma ban kwance ta ba. Na ɗauka sabuwa ba ta bukata. Harsashin kuma 115 ne.

Tsohon_Kofur: To ɗauko littafin da ya zo da ita ka karanta shafin kwancewa. Amma saurara da kyau. Cire magazin ba ya nufin bindiga ta zama fanko. Magazin na hannunka, harsashi ɗaya na kwance a makwancinsa a gindin bututu. Tsarin shi ne: ka fara cire magazin, sannan ka ja silaid baya ka kulle shi, ka duba da ido, ka sa yatsa ka taɓa. In ka juya tsarin, ka ja silaid kafin cire magazin, to ɗura mata wani ka yi. Akwai fistol da yawa da sai ka ja kunama kafin silaid ya fita wajen kwancewa, a nan mutane suke huda bango, wasu cinyarsu. Harsasai kuma su kasance a wani ɗaki daban lokacin wanki.

Ɗan_Gwaji: Baba ya fara wa'azi 😂

Tsohon_Kofur: Zan ci gaba ma. Ƙa'idoji huɗun nan da ake jingina wa Jeff Cooper, malamin harbi ɗan Amurka, duk wanda bai haddace su ba bai isa taɓa kunama ba: kowace bindiga ka ɗauke ta a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsa a wajen kunama har sai saiti ya hau abin hari, ka tabbatar da abin da kake hari da abin da ke bayansa. Mai araha da mai tsada rami ɗaya suke yi.

Maman_Biyu: Ni abin da nake so in ƙara, mutane suna ɗauka ƙaramar bindiga ita ce mai sauƙi ga sabon shiga, musamman mu mata. Da na fara zuwa kulob, ƙarama aka miƙo min wai ta dace da hannuna. Wallahi ita ta fi wahala. Mariƙin gajere, ƙaramin yatsana a iska, shurin kuma kai tsaye cikin tafin hannu. Da na karɓi babba mai nauyi sai na ga ashe ina iya samun allo. Harsashi iri ɗaya ne, amma nauyin ƙarfen yana shanye shurin. Don haka Malam Sabon Hannu, wataƙila ba arahar ce ke ba ka wahala ba, ƙanƙantar ce.

Malam_Lissafi: Hajiya ta taɓo wurin, bari in sa masa lamba. A ƙaramar fistol tazarar da ke tsakanin saitin baya da na gaba wajen santimita 13 ce. In saitin gaba ya kauce da milimita 1 kacal, a mita 10 harsashi zai kauce da kusan santimita 8. A mita 25 ya kusa santimita 20. Doguwar bindiga mai tazarar santimita 50, kuskuren nan ɗaya santimita 2 zai ba ka a mita 10. Bututun ƙaramar ba shi da laifi, in aka ɗaure ta yadda ba za ta motsa ba za ta tara harsasai wuri guda. Ɗan Adam ne ba ya iya ganin milimita ɗaya a tsakanin saiti biyu da ke kusa da juna.

Sarkin_Baka: Sannan ka haɗa da kunama. Bindiga mai nauyin giram 600, kunamarta na bukatar jan kilo biyu da rabi ko uku. Wato ƙarfin da yatsanka ke sawa ya ninka nauyin abin da kake ƙoƙarin tsayarwa sau huɗu ko biyar. Dole baki ya motsa in ba a koya ba.

Bature_Baƙi: Ku bar wahalar da yaro. Ya nemi tsohuwar fistol ɗin Sobiyet, Makarov, kawai. Ƙarfe zalla, ba ta san cijewa ba, ita ma 9mm take ci, harsasan da ya saya ba za su yi asara ba.

Injiniya_Makeri: A'a, Malam Bature, tsaya nan. Wannan kuskure ne mai haɗari. Makarov 9x18 take ci, tasa kuma 9x19 (lamba ta biyu tsawon kwanso ce a milimita). Ba tsawon kwanso ne kawai ya bambanta ba, kaurin kan harsashin ma ba ɗaya ba ne, na Makarov ya ɗan fi kauri, wajen milimita 9.2 da ɗoriya. Akwai kuma na uku, .380 ACP, wanda shi ne 9x17, John Browning, mai ƙirar bindigogi ɗan Amurka, ya ƙirƙiro shi a 1908. Duka uku ana ce musu tara, kuma ba a musanya su. Abin da aka buga a jikin bututu ko silaid, shi kaɗai ake sawa.

Game da ingancinta ba na ja. Tarayyar Sobiyet ta ɗauke ta a 1951, harsashi 8, sassanta kaɗan, bututunta a kafe yake da jiki. An kuma ƙera ta a Bulgeriya da Jamus ta Gabas da Sin. Amma saitinta ƙanana ne ƙwarai, maɓallin cire magazin yana ƙasan mariƙi, harsashinta kuma ba ko'ina ake samu ba.

Bature_Baƙi: Na karɓi gyara kan harsashi. Amma kan inganci ina nan a bakana.

Sabon_Hannu: Injiniya, me ake nufi da bututu a kafe? Tawa in na ja silaid sai in ga bututun ya ɗan sunkuya, har na yi zaton ya saki ne.

Injiniya_Makeri: Lafiyarsa ƙalau, haka aka yi shi. Ƙira biyu ce. A ta farko babu abin da ke kulle silaid da bututu. Nauyin silaid da ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe kwanso har harsashi ya bar baki. Ita ce ƙirar Makarov, da Walther PP ta 1929 da PPK da ta biyo ta, da Bersa Thunder 380. Sauƙin ƙerawa gare ta, shi ya sa masu araha da yawa suke bin ta, amma ta fi dacewa da ƙananan harsasai. In ka ce sai ka yi ta da 9x19, dole silaid ya zama jibgege. Misalin da kowa ya sani shi ne Hi-Point C9 ta Amurka: silaid ɗinta na haɗin tutiya ne da aka zuba a mazubi, bindigar ta haura giram 800 kuma harsashi 8 take ɗauka, alhali Glock 19 mai ɗaukar 15 ba ta kai giram 700 ba in babu harsashi a ciki.

A ƙira ta biyu, wadda ita ma daga Browning ta samo asali, bututu da silaid suna kulle da juna, su koma baya tare na 'yan milimitoci, sannan gindin bututun ya sunkuya ya saki silaid ya wuce. Sunkuyawar da ka gani ke nan. Amfaninta, silaid ba ya bukatar nauyi sosai, sifirin ma ba sai ya yi tauri ainun ba, shurin kuma ya fi laushi. Kusan duk ƙananan 9x19 na zamani haka suke, masu araha da masu tsada.

Maman_Biyu: Yanzu na gane dalilin da ya sa wata ƙaramar .380 da na gwada jan silaid ɗinta ya fi na 9mm wuya, ga cizo a tsakanin babban yatsa da manuniya. Na yi ta mamaki, harsashi ƙarami amma zafi ya fi.

Ɗan_Gwaji: Hi-Point ɗin nan dai muni gare ta, a faɗi gaskiya.

Dogo_9x19: Kai ma ka faɗa.

Sarkin_Baka: Allo ba ya duba kyan fuska. Kamfanin kuma yana ba da garanti na tsawon rayuwar bindigar, wanda wasu masu tsadar ba sa bayarwa.

Mai_Shakka: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a tambaya ba. Duk kuna ta maganar sifirin da giren, ba wanda ya tambayi ɗan'uwan nan ko wa ke gidansa. Bindiga a gida ba kamar sauran kaya ba ce. A Amurka, inda aka fi kowa yawan bindigogi a hannun farar hula, fiye da rabin mutuwar da bindiga ke jawowa kisan kai ne na mutum da kansa, ba ɗan fashi ba. Ga yara masu bincike, ga ranar fushi, ga ɓarawon da zai ɗauke ta ta koma hannun da bai kamata ba. Ni arahar ma ita ke ba ni tsoro, don tana sa wanda bai shirya ba ya saya.

Dogo_9x19: Malam, nan zauren masu harbin allo ne. In muhawarar hana bindiga kake so, akwai wurarenta.

Maman_Biyu: A'a Dogo, bar shi, maganarsa na kan hanya. Ni sai da akwatin ƙarfe mai makulli ya shigo gida aka ɗaure shi da bango kafin bindiga ta shigo. Tana ciki ba harsashi, harsasai a wani wurin daban a kulle, makullin kuma ba ya barin jikina. Saman kabad ba ɓuya ba ne, duk mai 'ya'ya ya san babu inda ba sa kaiwa. Kuma in wani a gidan yana cikin matsanancin ƙunci, ko kai kanka, ka fitar da ita ta hanyar da doka ta yarda, ka kai ajiya a kulob ko wurin hukuma har abin ya wuce. Wanda kuɗinsa bai kai na akwati ba, bai kai na bindiga ba, komai arharta.

Mai_Shakka: Na gode Hajiya. Ban sauya ra'ayi ba, amma da kowa haka yake yi da damuwata ta ragu.

Sabon_Hannu: Akwati na nan, sharaɗin lasisin ne ma. Yara kuma tukuna.

Malam_Lissafi: Tunda an taɓo doka, abin sha'awa shi ne yadda ita kanta take sauya ƙirar ƙananan fistol. A 1968 Amurka ta yi dokar da ta sa sharuɗɗan girma da nauyi kan fistol da ake shigowa da su daga waje, da nufin tare ƙananan masu araha. Walther PPK, wadda ba mai araha ba ce, ta faɗa ciki saboda ƙanƙanta. Sai kamfanin ya ɗauki jikin PP ya ɗora masa silaid da bututun PPK, aka samu PPK/S. Birtaniya kuwa bayan kisan makarantar Dunblane a 1996, dokokin 1997 suka hana farar hula mallakar kusan kowace fistol a Ingila da Sikotilan da Wales. A Japan ma farar hula ba ya mallakarta. Don haka duk wanda ke karanta mu, ya fara sanin dokar inda yake kafin ya fara sha'awa.

Mai_Zaure: Haka ne. Mu koma kan tambayar mai tambaya.

Tsohon_Kofur: Na manta magazin ɗazu. Shi ya fi jawo ƙin hawan harsashi, ba tsayuwar kwanso ba, amma kada ka raina shi. In kana da biyu ko uku, rubuta musu lamba a gindi. Duk sanda ta cije ka rubuta lambar magazin, irin harsashi, da kuma ko na farko ne, na tsakiya ko na ƙarshe. In cijewar na bin magazin ɗaya, ka huta da zargin bindiga. Yawancin masu cewa tasu ba ta da kyau, in ka tambaye su wannan ba su da amsa.

Wani abu kuma da sabon shiga ba ya sani: in ka ja kunama ka ji ƙara 'yar ƙarama, shuri kusan babu, tsaya. Kada ka ja silaid ka sake harbawa. Mai yiwuwa albarushi bai ishe shi ba, kan harsashin ya maƙale a cikin bututu. Na biyu in ya same shi a nan, bututu zai kumbura ko ya fashe a hannunka. Baki na kallon allo, ka kira mai kula da fili.

Sarkin_Baka: Maganin tsoron shuri kuma ga shi. Sayi harsasan wasa, waɗanda ba su da albarushi. Ka ba wani ya cika maka magazin a fili, ya cusa ɗaya ko biyu a tsakanin na gaske ba ka sani ba. Ranar da ka ja kunama a kan na wasa, za ka ga bakin bindigarka ya yi ruku'u da idonka. Daga nan ba sai an yi maka bayani ba. A gida kuma atisayen jan kunama ba harsashi, bayan ka bi tsarin da Baba Kofur ya faɗa, baki na kallon wurin da ko da tsautsayi ba zai cuci kowa ba. Ido a kan saitin gaba, ka ja a hankali har ta faɗi saitin bai motsa ba. Minti goma kullum ya fi kwali guda na harsashi a ƙarshen wata. Duba littafinka dai ko kamfanin ya yarda da jan kunama fanko, masu cin ƙaramin harsashin .22 da yawa allurarsu mai bugun harsashi ba ta son haka.

Ɗan_Gwaji: Ni da .22 na koya, kuma ita nake ba kowa shawara. Ba shuri, ƙara kaɗan, harsashi mafi araha. Hannu ya zauna tukuna sannan a hau 9mm.

Dogo_9x19: Wato ya sayi bindiga ta biyu don ya iya harba ta farko. Ku haɗa kuɗin biyun ku gani ko bai kai na guda mai kyau ba.

Ɗan_Gwaji: Kulob da yawa suna ba da haya, Yaya Dogo. Kuma mai tsadar ba ta zuwa da hannu a cikin kwali.

Likitan_Kunne: Ba ni da ta cewa kan saiti, amma tsoron shurin nan rabinsa tsoron ƙara ne. Ƙarar fistol 9mm tana kaiwa wajen desibel 160 a ma'aunin ƙara, kunne kuwa daga 140 harbi ɗaya na iya yi masa illar da ba ta warkewa. Gajeren bututu ya fi kusa da fuska, a rufaffen fili kuma bango na dawo maka da ƙarar. Sa na toshewa a ciki, ka ɗora na rufewa a sama, biyun tare. Mutane da yawa da zarar sun yi haka sai ƙiftawar ta ragu. Tabarau ma dole, kwanso da zafinsa yake fitowa. Sannan dalmar da ke cikin harsashi: ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka ci wani abu, kayan da ka sa a fili kada su haɗu da na yara a wanki, mai juna biyu kuma ta haƙura da rufaffen fili.

Bature_Baƙi: Da an gaya mana wannan da wuri, da yanzu ba a maimaita min magana sau biyu.

Injiniya_Makeri: Dogo, akwai inda zan ba ka gaskiya. In mutum zai riƙa cin dubban harsasai a shekara, gasa yake shiga, to mai tsadar ta fi masa, don sassanta sun fi jure wahala, kayan gyaranta da magazin da kube suna ko'ina, in ya tashi sayarwa kuma ba ta faɗuwa sosai. Mai araha wani lokaci neman sifirin ɗinta kaɗai aiki ne. Amma ga mai zuwa fili jifa-jifa, rarar da ya samu in ta tafi ga malami da harsashi, zai fi mai babbar suna da ba ya atisaye iya harbi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai araha da ba a gwada ba, ko wadda ta ci gaba da cijewa a hannun gwani bayan wanki da sauya harsashi. Wannan a mayar wa kamfani a ƙarƙashin garanti, kada a ɗauko zarto a ce za a gyara a gida.

Dogo_9x19: Rarar nan da kuke ta cewa za ta tafi ga malami, ni ban taɓa ganin ta je ba. Wani wurin take bi.

Maman_Biyu: 😂 Nan kam Dogo bai yi ƙarya ba.

Sabon_Hannu: Jama'a na dawo da rahoto. Na kwance ta na wanke na sa mai a inda littafi ya nuna, na koma fili da 124. Malamin filin ya harba a mita 10, ya tara su a tsakiya, ko sau ɗaya ba ta cije masa ba. Ni a kan jakar yashi na samu kusa da tsakiya, amma da na miƙe tsaye sai suka sake gangarawa hagu, ko da yake ba kamar da ba. Harsashin wasan kuwa, Sarkin Baka, abin da ka faɗa shi na gani. Cijewa ta ragu ƙwarai amma ba ta ɗauke ba: ta sake yi min wajen ƙarshen atisaye, a magazin mai lamba 2.

Tsohon_Kofur: Wajen ƙarshe hannu ya gaji, bindiga ta yi dauɗa, don haka ba za ka yanke wa magazin hukunci da wannan ba. Zuwa na gaba ka fara da mai lamba 2 tun kana da ƙarfi, ka bar mai lamba 1 zuwa ƙarshe.

Dogo_9x19: Sau ɗaya ma ya yi yawa a wurina. Tawa da hannu ɗaya a gajiye nake harba ta ba ta taɓa yi ba.

Sarkin_Baka: Taka ta fi tasa nauyi da tsawon mariƙi, Dogo, kuma hannunka ya daɗe a kanta. Ara masa ita ya harba a ƙarshen atisaye, kai ka karɓi tasa, sai ku zo ku ba mu labari.

Dogo_9x19: In yana so ya zo da harsashinsa.

Injiniya_Makeri: Sabon Hannu, in ta sake yi, kada ka yar da kwanson. Duba gefen gindinsa inda ƙugiya ke kamawa, ka ɗauki hotonsa da na bakin ƙugiyar ka turo. Kuma ka lura da inda sauran kwansunan ke faɗuwa: wuri ɗaya suke zuba ta damanka, ko wasu a ƙafarka wasu a goshinka?